Buzun Baba Hamidu

Cikin shekarun da na yi a wannan aiki, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Litinin ta watan Janairu, ranar da aka tara mu a ɗakin cin abinci aka ce kada wanda ya sake hawa saman sito. Ku sababbi kun sha cewa na cika tsanani a kan safar hannu, har na ji wani ya laƙaba min Sarkin Safa. Na yafe masa. Amma ku zauna ku ji inda tsananin ya samo asali.

Ga wanda bai san wurin ba, filin tarihi ne a can gefen birnin New York, inda sai ka sauka daga jirgin ƙasa ka kuma hau bas. An tattaro tsofaffin gine-gine na zamanin cinikin fatu an jera su wuri ɗaya: gidan ɗan kasuwa na dutse, kantin musaya, maƙera, da wani sito mai bene da aka yi da gungumen itace. Da yawanmu ba mu san cewa birnin nan da fata ya fara ba. Turawan Holan ne suka zo suna sayen fatun dabbobi a hannun 'yan asalin ƙasar, musamman ta wata dabbar ruwa da suke kira biba, mai kama da gafiya amma ta ninka ta, ga faffaɗar wutsiya. Su kwashe su kai Turai a yi huluna. Ni Bakano da na ji haka sai na ce ashe fatauci ne irin na gida, sanyi kawai suka fi mu.

Tsarin aikinmu mai sauƙi ne. Manaja ne a sama. A ƙarƙashinsa akwai masu kula da kayan tarihi, shugabarsu a lokacin wata Baturiya ce da muke kira Madam Joan, mace mai ƙarancin magana da ƙarancin dariya. Akwai 'yan rakiya masu sa tufafin dā suna yi wa baƙi bayani. Sai mu masu shara da gyara, ni ne foman. Dokar da ake fara koya wa kowa ita ce kayan wurin iri biyu ne. Akwai na kwaikwayo, waɗanda aka yi kwanan nan domin 'yan makaranta su taɓa su shafa. Akwai na asali, waɗanda ba ma'aikacin shara da zai sa musu hannu. Mu namu daɓe ne da taga da hanya. A sito, fatun kwaikwayo suna ƙasa, na asali kuma suna sama a rataye bisa sanduna, an tare matakalar da igiya. Mai sharar sito ne kaɗai ke hawa, shi ma don ya goge daɓe ya sauko.

Mai sharar sito a lokacin shi ne Baba Hamidu. Mutumin Damagaram ne, mai ɗan jefa Faransanci cikin magana, ya haura sittin, yana zaune a unguwar Morris Heights da iyalinsa. Ya daɗe yana kasa tebur a bakin titi, huluna da tabarau da lema, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji da tsayuwar siminti. A masallaci na san shi, da gurbi ya samu na kawo shi. Ban taɓa ganin mai tsabtar aiki kamarsa ba, shi ya sa na ba shi sito. Kun dai san tsakanin Bakano da Badamagare. Duk da ya haife ni, wasa ya ba ni damar in faɗa masa abin da na ga dama. In na ce, "Bawana, ka share?" sai ya ce, "Yaro, kakanka ma ni na raine shi." Ma'aikata 'yan wasu ƙasashe sun daɗe suna zaton faɗa muke yi.

A taron ranar Litinin ɗin, wadda dama ba a buɗe wa baƙi, Madam Joan ta yi mana bayani. Ta ce masu adana fatu na dā suna shafa musu wata guba mai suna asanik don kada ƙwari su ci. Guba ce da ba ta tsufa, tana nan a jikin fata kamar gari, tana bin hannu zuwa baki, tana bin numfashi. Ta aro wata na'ura mai kama da abin busar da gashi ta auna fatun sama, ta samu wasu da ita. Ta ce ba abin tayar da hankali ba ne, tun da ba mai taɓa su, amma daga yau kada kowa ya sake hawa sama. Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, ina tunanin gishirin da za mu watsa a hanya saboda ƙanƙara.

Bayan an tashi ta ce in zo in riƙe mata leda, za ta naɗe waɗanda suka fi yawan guba. Muka sa safar hannu da takunkumi da riga ta leda, muka hau. Ta nuna min wata fatar barewa irin ta ƙasar nan, babba kamar ta maraƙi, gashinta lub-lub, ko huda ɗaya ƙwaro bai yi mata ba. Ta ce, "Wannan ta fi kowacce. Shi ya sa ta fi su kyau." Da muka sauke ta muka shimfiɗa a kan leda, sai ta tsaya tana kallo.

Ta ce, "Lawal, dubi nan. Anya wata dabba ba ta shigowa ta kwanta a kai? Amma kuma a rataye na same ta."

Na duba. Gashin ya kwanta a wurare. Biyu a ƙasa dab da juna, biyu a tsakiya masu zagaye, biyu a gaba, sai ɗaya a wajen wuya. Na juya na kalli daɓe. Katakon wurin ya yi ɗan sheƙi a wani fili mai tsawon mutum, kuma filin bai bi jikin bango ba, ya karkace ya fuskanci kusurwa, tsakanin gabas da arewa. Ba wanda zai shimfiɗa abu a karkace cikin ɗaki mai kusurwa huɗu sai mai neman alƙibla.

Take na tuna tarin da Baba Hamidu ke yi tun watan jiya, da yadda bayan hannuwansa ya tsattsage ya yi baƙi. Na ce, "Madam, ba dabba ba ce. Ki ba ni ɗan lokaci, zan dawo miki da magana." Ta dube ni ta cikin tabarau, ba ta tambaye ni komai ba.

Na same shi a bayan maƙera yana kwashe ƙanƙara da shebur. Ya ga fuskata ya jingine shebur ɗin.

Na ce, "Baba, a ina kake salla tun da sanyi ya shigo?"

Ya ce, "Ƙasar Allah da faɗi, Bakano."

Amsar da ya ba ni ke nan tun farkon zuwansa, lokacin da na ce ya riƙa zuwa ɗan ofishina na bakin ƙofa. Ofishin yana da nisa da sito, ga gwiwa, ga shi kuma mutum ne da ba ya son shiga wurin shugaba ko da shugaban yaronsa ne. Da zafi kwali yake shimfiɗawa a kan ciyawa. Ɗakin cin abinci kuwa ba wurin salla ba ne, mutane na giftawa da takalma, ga naman da ba namu ba a kan tebur. Da hunturu kuma Azahar da La'asar duk a bakin aiki suke riskarmu, kusan a manne.

Na ce, "Fatar barewar nan ta sama."

Can ya ce, "Barewa ce fa. Halal ce. Kuma jemammiya. Mi ya raba ta da buzu? Ubana a kan buzu ya yi salla har ya koma ga Allah. Ban ɓata ta ba, wallahi. Ko kakkaɓe ta ban taɓa yi ba, in na gama in maida ta yadda na iske."

"Ka ji abin da Madam ta ce ɗazu?"

"Na ji."

"Ita ce ta fi kowacce guba, Baba. Ita ɗin da ka zaɓa."

Ya kalli hannuwansa, ya tura su cikin aljihu. Ya ce, "Abin da na sa goshina a kai don Allah ba zai cuce ni ba. Bon, magana ta ƙare. Ba zan ƙara hawa ba. Kai kuma ka riƙe bakinka."

Na gane abin da ke ransa. Taɓa kayan asali laifi ne da ake iya korar mutum a kai, kuma mai shekarunsa in ya fita daga nan, tebur ne zai koma da waɗannan gwiwoyi. Ga kunya, a ce dattijo kamarsa ya karya doka a ɓoye. Amma ni abin da nake gani daban ne. Mutum ya yi wata da watanni yana kifa fuskarsa a kan guba sau biyu a rana, yana shaƙa, kuma yana so in tafi in bar shi da ita a jiki. Na lallashe shi, ya ƙi. Na ce rigakafi ya fi magani, ya ce magani na Allah ne. Na kawo masa maganar iyalinsa, ya ɗauki shebur ya juya min baya.

Da a ce ni wani yaro ne daban, nan zan tsaya, domin ba a ja-in-ja da dattijo. Sai na tuna ni Bakano ne. Na fizge shebur ɗin daga hannunsa na jefar a kan ƙanƙara.

Na ce, "Kai bawana, saurara. Ni ban ba ka izinin mutuwa ba. Kakannina ba su sha wahalar mallakarku don ka zo Amurka fatar barewa ta kashe min kai ba. In labari ya je Damagaram me za a ce? An ce wane ya rasu, me ya kashe shi, a ce buzu? Har jikokinka sai an yi musu waƙa. Wuce mu tafi, ko in ɗauke ka a kafaɗa 'yan rakiya su ɗauki hoto."

Ya tsaya yana kallona, ban san ko zagi zai yi ko kuka ba. Sai dariya ta kubce masa, ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Allah ya isa tsakanina da Kanawa." Ya sunkuya ya ɗauki shebur ɗin ya jingine shi da kyau. Ya ce, "To. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma da bakina zan gaya mata, ba kai ba. Kai tafinta kawai."

A ofishinta ya cire hularsa ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya faɗi komai, bai rage ba, ina juya mata. Ina jiran ta tashi da faɗa a kan fatar, don na san yadda take ji da kayan nan, ko ƙuda ba ta so ya sauka a kansu. Sai na ga fuskarta ta yi fari. Ba ta ambaci fatar ba sam. Tambayoyi ta shiga jero masa. Wane gefe yake sawa sama, gashin ko cikin? Ya ce gashin. Ta ce an gode Allah, a ciki aka fi shafa gubar. Yana sa fuskarsa kai tsaye? Ya ce a'a, gashin na sa shi atishawa, sai yake shimfiɗa hankicinsa a wurin goshi. Yana cin abinci bayan ya taɓa? Ya ce shi da hannu yake cin abinci, bai taɓa kai loma baki bai wanke hannu ba tun yana yaro. Ta rubuta duka, ta ɗaga waya ta kira manaja, ta kira asibitin da ke duba ma'aikata. Kafin La'asar ina tuƙa shi a motar aiki.

A hanya ya ce, "Matar nan ba ta yi fushi ba?"

Na ce, "Ta yi. Da kanta take yi."

Likitan ya duba hannuwan, ya saurari ƙirji, ya ɗebi jini. Ya ce babban gwajin na fitsari ne, amma ba za a yi shi nan take ba. Sai Baba ya yi kwanaki bai ci kifi ko wani abin ruwa ba, domin kifi na da irin wannan sinadari kaɗan, yana iya rikita sakamako. Baba ya ce wannan kuma wace irin jarraba ce, matarsa ta saya masa busasshen kifi kwali guda a kantin 'yan Ghana, yanzu me zai ce mata? Na ce ya ce Bakano ya hana. Ya ce ai kuwa za ta yarda, ta san ba abin da Kanawa ba za su iya ba.

Kwanakin jiran nan sun yi min tsawo. An ɗauke shi daga sito an maida shi bakin ƙofa, kusa da ni. Yana zuwa kan lokaci, yana aikinsa, yana amsa wasa, amma na lura abincinsa yana komawa gida kusan yadda ya zo. In na tambaye shi sai ya ce rashin kifi ne. Ni kuwa duk tarin da ya yi sai na ji shi a ƙirjina. Ni na kawo shi wurin nan, ni na ba shi sito, kuma in wani abu ya same shi ni zan tsaya gaban matarsa a Morris Heights in yi bayani. Na shiga waya na karanta abin da gubar ke yi wa mutum, na yi da-na-sanin karantawa.

Maganar aikinsa ita ta fara warwarewa. Manaja ya kira mu ya ce doka doka ce, za a rubuta masa gargaɗi a sa a fayil. Madam Joan ta ce ta yarda, amma ita ma a rubuta cewa shekara da shekaru ana gaya wa masu shara kada su taɓa, ba a taɓa gaya musu cewa taɓawar na iya cutar da su ba, domin ba wanda ya auna. Manaja ya ce ba za a kori kowa ba. Da muka fito na ce, "Baba, ka ji, aiki ya tsira." Ya ce, "Alhamdu lillahi," amma ba wani haske a fuskarsa. A nan na gane tun tuni ba aikin ne ke hana shi cin abinci ba.

Sakamakon ya zo ranar wata Alhamis da hantsi. Muna watsa gishiri a gaban kantin musaya, 'yan makaranta na tahowa a layi, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba lambar ya miƙo min.

"Karɓi, Bakano. Turancin waya ba na jin shi."

Wata ma'aikaciyar asibitin ce. Ta nemi ta ji muryarsa ya ba da izini, ya ce yes sau biyu, sannan ta yi min bayani. Abin da aka samu a jikinsa kaɗan ne ƙwarai, bai wuce wanda ake samu a jikin kowa ba. Jini lafiya, ƙoda lafiya. Tsagewar hannu ta ruwan sanyi ce da sabulun aiki, a sayi man shafawa. Tarin kuma mura ce da busasshiyar iskar hita. Na sa ta maimaita, ta maimaita. Na yi niyyar in ɗan ja masa rai, don Badamagare bai cancanci labari mai daɗi kyauta ba, amma na kasa. Na zauna a kan dakalin kanti, cikin ƙanƙara, na ce, "Baba, ba komai. Wallahi ba komai. Lafiyarka lau."

Ya riƙe bokitin gishiri da hannu biyu, yana kallon ƙasa. Can ya ce, a hankali, "Tambaye ta, zan iya ɗaukar jaririya?"

Na ce, "Wace jaririya?"

Ashe 'yarsa ta haihu, tana wankan jego a gidansa. Tun ranar Litinin ɗin nan bai taɓa jikar ba. In an miƙo masa ita sai ya ce yana mura. Ya ware kofinsa da kwanonsa, yana wanke tufafinsa da kansa, yana kwana a falo a kan kujera, kuma bai gaya wa kowa dalili ba. Har 'yar ta fara kuka tana tambayar uwarta, da Turanci irin na yaranmu na nan, ko laifi ta yi wa babanta. Mutumin da ya tsaya a bayan maƙera yana ce min abin da ya sa goshinsa a kai ba zai cuce shi ba, shi ne yake tsoron numfashinsa ya sauka a kan jinjira.

Na tambayi ma'aikaciyar asibitin. Ta yi dariya ta ce ya ɗauke ta har ya gaji. Na gaya masa. Ya ajiye bokitin, ya goge fuskarsa da hannun riga, ya ce, "Patron, ina neman izinin tashi da wuri." Tun da muke bai taɓa kirana da wannan suna na maigida ba, bai kuma sake ba. Na ce ya tafi. Na tsaya ina kallon tsohon nan mai ciwon gwiwa yana sassarfa zuwa tashar bas, yana zamewa yana gyarawa.

Daga baya an naɗe fatun masu guba an kai su ma'ajiya, an kulle saman sito da kwaɗo, an kuma ba mu wani lungu mai tsabta a sabon gini, wanda kuke salla a ciki yanzu. Baba Hamidu ya ci gaba da aiki har ya yi ritaya da ƙafafunsa.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a tsohon abu ba ya nuna abin da ke jikinsa, kuma wanda ya fi kyau a ido shi ya fi cancantar a ji tsoronsa. Mutanenmu ma haka suke. Ba ma karya doka don raini, sai dai in buƙata ta matsa mana ba ma faɗa, in tsoro ya kama mu kuma sai mu rufe shi da tawakkali mu ce ba komai. Don haka ku da za ku zama foman gobe, kada ku tsaya a kan "kada ka taɓa", ku faɗi dalili. In kun ɗauki sabon mutum, kafin ku ba shi mabuɗi ku tambaye shi inda zai yi salla da inda zai ci abinci, ku bi shi ku gani da idonku. In kuma dattijo ya ce muku ba komai, ku ja kujera ku zauna, domin a nan maganar take farawa.